Wayarin Ƙirji

Shekara talatin da ɗaya ina naɗin koyil a Panteka.
Fanka, injin ruwa, injin markaɗe,
duk wanda ya ƙone, rumfata ce asibitinsa.
Kafin in kwance noti ɗaya kunnena ya gama bincike.
Yau ga ni kwance
ina sauraron injin da ba shi da murfi.

Talata ce, bayan la'asar, hadari ya haɗo ta Rigasa.
Na ɗaga guduma,
sai wani ya zauna mini a ƙirji ba sallama,
mai nauyin buhun siminti.
Gumi ya karyo. Hannun hagu ya zama na aro.
Yarona Ɗanlami ya tare keke yana ihu: Kawu, taka!
Aka ce jijiya ce ta toshe. Aka buɗe.
Aka ce na auna arziki.

Na auna kam. Mudun ne bai cika ba.

Kwana tara da sallamata, tsakar dare,
ta buga,
ta buga,

ta yi shiru

kamar mai ba da labari da suna ya ɓace masa,
sannan ta zabura, uku a wurin ɗaya,
tana biyan bashin da ban san ta ci ba.
Wani daren tarwaɗa ce
da aka jefo kan yashi a ƙarƙashin gada,
tana mutsu-mutsu, tana neman kogi.

Dakta Rifkatu ta warware doguwar takarda a tebur,
duwatsu da kwaruruka, sai fili fetal, sai duwatsu.
Ta ce: Malam Barmo, zuciya ma da wayarinta.
Inda jini ya yanke, nama ya bar tabo.
Wuta in ta iso nan ba ta wucewa,
sai ta kewaya, ta dawo,
ta kunna abin da ba a sa ta ba.

Na yi dariya har ɗinkin numfashina ya motsa.
Likita, ai wannan sana'ata ce!
Da fanka ce, da na warware tagullar
na naɗa sabuwa kafin magariba.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce irin nawa ba kasafai ba,
ta kira ɗalibai shida suka kewaye takardar.
Ni da ko a bikina ba a kalle ni haka ba.

Suka rataya mini ɗan akwati yini da kwana,
yana rubuta gulmar ƙirjina.
Suka ba ni ƙwaya, ɗaya da safe, rabi da dare.
Suka raba ni da goro.
Wannan ta fi allura zafi.

Tasalla ba ta barci yanzu.
Tana ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna, tana zaton na yi nisa.
In ta buga, ta ja carbi.
In ta tsaya, ita ma numfashinta ya tsaya,
mu uku a duhu,
kamar unguwa tana jiran a dawo da wuta.
In ta dawo babu yaran da ke ihu.
Ƙwayar carbi ce kawai ke faɗawa kan 'yar'uwarta.

Jiya na koma rumfa, zama kawai, Ɗanlami ke aiki.
Wata tsohuwa daga Tudun Wada ta kawo fanka a zane.
Ta ce: tana yi, ta tsaya, ta kuma yi.
Ɗanlami ya ce: Baba, wannan ta bola ce.

Na ce miƙo ta nan.
Na jona, na kara kunne,
na daɗe fiye da yadda aikin ke bukata.
Tsohuwa ta ce: za ta yi?
Na ce: ai tana yi, Inna.
Dawo ranar Alhamis.